Yadda ake nazarin feshin baƙin rami ta hanyar folarizeshan na rediyo

A cikin galaksinmu akwai baƙaƙen ramuka, wato wuraren da ƙarfin jansu ya hana ko haske fita, masu nauyin Rana sau biyar zuwa ashirin da ɗoriya, waɗanda wani tauraro ke kewayawa suna zuƙar gas daga jikinsa. Gas ɗin yakan zagaye ramin ya zama faifai, ya yi zafin da har yake fitar da hasken eksire. Ba dukansa ke faɗawa ciki ba. Wani kaso ana harbo shi waje ta ɓangarori biyu a siririn feshi, wani lokaci da gudun da ya kusa na haske. Cygnus X-1, GRS 1915+105, GX 339-4, V404 Cygni da MAXI J1820+070 duk irin wannan tsarin ne.

Ƙarfin hasken rediyo yana nuna yawan makamashin da feshin ya ɗauko, amma bai cewa komai a kan yadda filin maganaɗisu ya kwanta a cikinsa, alhali maganaɗisun ne ke harba feshin kuma shi ke matse shi. Folarizeshan, wato alƙiblar da igiyar hasken ke kaɗawa, shi ne ke ba da wannan labarin. Wahalar ita ce siginar ƙarama ce, sau da yawa kashi 1 ko 2 cikin 100 na hasken, kuma na'urar kanta, da saman iskar duniya, da gas ɗin da ke tsakanin taurari duk suna taɓa ta kafin ta iso hannunka. Kashi mafi girma na aikin shi ne tabbatar da cewa abin da ka auna na feshin ne.

Abin da ake aunawa

Feshin yana haskakawa a rediyo saboda elektaron masu tsananin gudu da ke murɗawa a kan layukan maganaɗisu, hasken da ake kira sinkurotoron. Kowace igiyar rediyo tana da alƙiblar da filin lantarkinta ke kaɗawa, kamar igiyar shanya da za ka iya girgizawa sama da ƙasa ko hagu da dama. Idan kaɗawar ta rinjaya a alƙibla ɗaya, folarizeshan miƙaƙƙe ke nan. Idan alƙiblar tana juyawa yayin da igiyar ke tafiya, mai zagaye ne.

Ana rubuta wannan da ma'aunan Stokes huɗu. I shi ne jimillar haske, Q da U su ke ɗauke da miƙaƙƙen, V kuma mai zagayen. Daga nan ake fitar da P = √(Q² + U²), da kason folarizeshan P/I, da kusurwa χ = ½ arctan(U/Q), wadda ake ƙirgawa daga arewa zuwa gabas. A manhaja yi amfani da arctan2, wanda ke duba alamar Q da ta U daban-daban, in ba haka ba kusurwar za ta iya kaucewa da digiri 90 ba tare da ka lura ba.

Riƙe iyakoki biyu a ka. Idan feshin shara-shara ne, wato hasken yana fita ba tare da an sake shanye shi ba, kuma maganaɗisun a jere yake tsaf, kason bai wuce kashi 70 cikin 100 da ɗan abin da ba a rasa ba, kuma kusurwar tana gicciye da layin maganaɗisu. Idan mai kauri ne, yana shanye nasa hasken, iyakar takan sauko zuwa kashi 10 zuwa 12, kusurwar kuma ta kwanta a kan layin maganaɗisun. Duk sakamakon da ya haura waɗannan, matsalar saiti ce.

Mataki na farko: san halin da tushen yake ciki

Yawancin waɗannan ramuka suna shafe shekaru shiru, sannan su ɓarke na 'yan watanni. Labarin ɓarkewar yakan fito daga na'urorin da ke sintirin sama da eksire, irin MAXI da ke kan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun 2009, da Swift, kuma masana suna sanar da juna ta Astronomer's Telegram. Saboda haka ba a jira sai abu ya faru sannan a nemi lokacin teleskof. Ana shigar da buƙatar tun da wuri, da sharaɗin da zai sa a fara kallo, misali idan hasken rediyo ya haura wani adadi.

A farkon ɓarkewa eksire mai ƙarfi ne ke rinjaye, kuma feshin dunƙulalle ne mai ɗorewa, haskensa kusan ɗaya a kowane zango. A nan kason folarizeshan kaɗan ne. GX 339-4 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 a wannan hali, da kusurwar da ba ta cika motsawa ba. Lokacin da tushen ke sauyawa zuwa eksire mai laushi, dunƙulallen feshin yakan mutu, a harbo curi-curin gas da ke nesanta da ramin suna faɗaɗa. Waɗannan curin su ne suka sa GRS 1915+105 ya yi suna a 1994, lokacin da Mirabel da Rodríguez suka ga kamar suna gudun da ya fi na haske. Da zarar sun zama shara-shara, kasonsu yakan tashi sosai. An auna kusan kashi 50 a Swift J1745-26 a ɓarkewar da ya fara a 2012. Kada dai a ɗauka kullum haka ne, domin a tsakiyar babbar ɓarkewar V404 Cygni ta Yunin 2015, lokacin da haskensa ya kai kusan Jy 1 (Jy, wato janski, ma'aunin ƙarfin hasken rediyo ne), teleskof ɗin rediyo na VLA ta auna ƙasa da kashi 1.

Yi lissafi kafin ka rubuta buƙata. Tushe mai mJy 10 da kashi 2 yana ba da P na µJy 200 (mJy ɗaya bisa dubu na Jy ne, µJy kuma ɗaya bisa miliyan). Idan hayaniyar hotonka µJy 20 ce, siginar ta ninka ta sau goma, aiki zai yiwu. Tushe mai mJy 1 da kaso iri ɗaya yana ba da µJy 20 kacal, daidai da hayaniyar, kuma rage hayaniya sau goma yana cin lokaci ninki ɗari.

Mataki na biyu: na'ura da zango

VLA a jihar New Mexico ta Amurka tana da faranti 27 masu faɗin mita 25, kuma masu karɓar siginarta a zangon santimita na zagaye ne, R mai juyawa dama da L mai juyawa hagu. ATCA a Ostireliya, mai faranti shida, da MeerKAT a yankin Karoo na Afirka ta Kudu, mai faranti 64 na mita 13.5, nasu miƙaƙƙu ne, X da Y. Bambancin nan shi ke tsara duk saitin da zai biyo baya. Ana haɗa hannun wani faranti da na wani bibbiyu: a na zagaye, I da V suna fitowa daga RR da LL, Q da U kuma daga RL da LR. A miƙaƙƙu, I da Q ne ke fitowa daga XX da YY, U da V daga XY da YX. Ma'anarsa, a MeerKAT ƙaramin kuskure wajen daidaita ƙarfin X da na Y yana komawa Q na ƙarya kai tsaye, a VLA kuma irin wannan kuskuren V yake ɓatawa.

Gajeren zango, wato firikwansi daga GHz 5 zuwa sama, ya fi kusa da ainihin kusurwar feshin domin juyin Faraday, wato juyawar da gas ɗin kan hanya ke yi wa kusurwar, kaɗan yake masa. Dogon zango, irin MHz 856 zuwa 1712 na MeerKAT da ake kira zangon L, ya fi iya auna juyin kansa. Wanda ya samu biyun a rana ɗaya ya more. Idan dole ɗaya ne, zaɓi mai faɗi, kuma kada ka yarda a dunƙule maka ƙananan tashoshin firikwansi tun daga wurin ɗauka.

Mataki na uku: tushen saiti

Tushen saiti sanannen tushe ne a sama da ake auna na'ura da shi. Bayan na ƙarfin haske da na kusa da tushenka wanda ake komawa kansa duk bayan 'yan mintuna, folarizeshan yana buƙatar ƙarin biyu.

Na farko na yoyo ne. Babu mai karɓar sigina da yake cikakke, kowanne yana zubo wani kaso na ɗaya hannun cikin ɗayan, kuma wannan yoyo yakan kai 'yan kashi cikin 100, wato ya fi abin da kake nema girma. Hanya mafi sauƙi ita ce kallon tushe mai haske wanda ba shi da folarizeshan: duk abin da ya bayyana a Q da U nasa, na'ura ce. A kudu ana amfani da PKS B1934-638. A arewa akwai 3C147 a ƙananan firikwansi, da OQ208 da 3C84. Idan babu irin wannan, sai a bi tushe ɗaya sau uku ko fiye yayin da sama ke juyawa a kan faranti, har kusurwar faralaktik, wato gwargwadon wannan juyawar, ta sauya da aƙalla digiri 60. Folarizeshan na tushen yana juyawa tare da sama, yoyo kuma yana nan daram, ta haka ake raba su.

Na biyu na kusurwa ne, kuma a nan 3C286 ne abin dogaro. Kasonsa yana wajen kashi 10 cikin 100, kusurwarsa kusan digiri 33 a zangon santimita, kuma ya daɗe bai sauya ba. A ƙasan zangon L kusurwar tana ɗan sauka, don haka ɗauko samfurin da ke bin firikwansi, kada ka sa 33 a ko'ina. Daga Karoo 3C286 bai tashi sama da kusan digiri 29 daga doron ƙasa ba, saboda haka lokacin ganinsa taƙaitacce ne, a tsara kallon da wannan a zuciya. 3C138 yana iya maye gurbinsa, sai dai yana sauyawa, sai an duba ma'auninsa na kwanan nan.

Ɗora tushenka a tsakiyar fagen kallo. Saitin yoyo na tsakiya ne kawai, kuma yoyon yana ƙaruwa yayin da aka nufi gefe.

Mataki na huɗu: saitin kansa

Fara da share tsangwamar rediyo ta tauraron ɗan Adam da wayoyi, kuma ka duba RL da LR ko XY da YX da idonka. Tsangwama kusan kullum tana da folarizeshan mai ƙarfi, kuma raguwar da ba ta isa ta dami I ba tana iya cika Q da U.

A CASA, manhajar sarrafa bayanan rediyo, ga bayanan VLA, jerin umarnin haka yake. Da setjy a shigar da cikakken samfurin 3C286, har da kaso da kusurwa a kowane firikwansi. A warware jinkiri, da bandpass (yadda na'ura ke amsa kowane firikwansi), da gain (yadda amsarta ke sauyawa da lokaci) kamar kullum. Sannan gaincal da gaintype='KCROSS' a kan 3C286 don jinkirin da ke tsakanin R da L. Sai polcal da poltype='Df' a kan tushen da ba shi da folarizeshan, sai polcal da poltype='Xf' a kan 3C286 don kusurwa. A ƙarshe applycal da parang=True.

Wuraren da ake yawan tuntuɓe uku ne. Idan farantin da aka ɗauka a matsayin madogara ya ɓace na ɗan lokaci, manhajar takan koma wani, kuma bambancin R da L ya yi tsalle. A hoto sai ka ga kusurwar tushenka ta juya farat ɗaya a tsakiyar kallo, abin da mutum zai iya ɗauka sabon curi ne aka harbo. Zaɓi farantin da bai taɓa yankewa ba, ka sa refantmode='strict'. Na biyu, mantawa da parang=True: folarizeshan na gaske yana juyawa da sama, idan aka tara sa'o'i ba gyara sai ya cinye kansa. Na uku, warware yoyo a dunƙule maimakon tasha-tasha, alhali yoyo yana hawa da sauka da firikwansi. Zana girman yoyon kowane faranti a kan firikwansi. Layi ya kamata ka gani mai lanƙwasa a hankali. Farantin da nasa ya yi tsini ko ya ninka na sauran, cire shi.

A MeerKAT da ATCA akwai ƙarin tarko. Tushen da ake komawa kansa don gain yawanci yana da nasa folarizeshan na 'yan kashi. Idan ka warware X da Y daban-daban kana ɗaukar ba shi da komai, saitin zai shanye Q nasa ya ɗora wa tushenka da akasin alama. Maganin shi ne a daidaita X da Y a kan PKS B1934-638, sannan a bi sauyin lokaci da gaintype='T', wanda ke ba hannayen biyu gyara ɗaya, ko kuma a fara auna Q da U na tushen a sa a samfuri. Haka kuma bambancin X da Y yana da amsa biyu masu tazarar digiri 180, kuma ɗaukar marar kyau yana juya alamar U da V.

Kafin ka taɓa tushenka, yi hoton masu saitin. 3C286 ya dawo da kasonsa da kusurwarsa, V nasa kuma ya kwanta kusa da sifili. Wani tushe marar folarizeshan wanda ba a yi saiti da shi ba zai nuna maka ragowar yoyo. Idan aiki ya yi kyau takan sauka zuwa kashi 1 ko 2 cikin 1,000. Wannan adadin shi ne ƙasan abin da za ka iya iƙirari, komai ƙanƙantar hayaniya.

Mataki na biyar: hoto

Haɗa faranti da yawa su zama ido ɗaya ya ginu ne a kan zaton sama ba ta sauyawa lokacin kallo. Waɗannan tushe kuwa suna iya ninka haskensu cikin mintuna. Idan ka ga zane-zane sun fito daga tushen kamar haƙarƙari, raba bayanan gida-gida bisa lokaci. A V404 Cygni an yi aiki da yanka na kusan minti 13, domin haskensa ya isa. Kada ka gyara ƙarfin sigina da tushen kansa, za ka goge sauyin da kake nema.

Yi hoton Q da U tasha-tasha, duk da girman ɗigo ɗaya, ka karanta ƙimarsu a daidai inda I ya fi haske. Kada ka je neman inda P ya fi girma a kewaye, domin hayaniya kullum tana da wani tudu a kusa. Faɗin tasha kuma lissafi ne, wanda mataki na gaba zai bayyana.

Mataki na shida: juyin Faraday

Igiyar da ta ratsa gas mai elektaron da maganaɗisu, kusurwarta tana juyawa: χ = χ₀ + RM × λ², inda χ₀ ke nufin kusurwar asali, λ tsawon zango da mita, RM kuma ma'aunin juyin da rad/m². Yawancin waɗannan ramuka suna kwance a faifan galaksi, inda RM na ɗaruruwa ba abin mamaki ba ne. Ɗauki RM na 100. A GHz 8.4 juyin digiri 7 ne, a GHz 5 digiri 21, a GHz 1.4 kuwa ya haura digiri 260. A faɗin zangon L na MeerKAT kusurwar tana juyawa fiye da radiyan 9, don haka wanda ya tara zangon duka a hoto ɗaya zai ga kusan babu komai, ya ce tushen ba shi da folarizeshan.

Ko tasha ɗaya tana iya yin faɗi da yawa. A MHz 900, tasha mai faɗin MHz 10 da RM na 300 tana asarar kusan kashi 9 cikin 100 na siginar. A rage ta zuwa MHz 2.5, asarar ta koma ƙasa da kashi 1.

Auna RM da firikwansi biyu kaɗai yana da haɗari, domin kusurwa tana maimaita kanta duk digiri 180. Da GHz 5.5 da 9 na ATCA, amsoshin da suka bambanta da kusan 1,700 rad/m² duk sun dace da bayanan. Hanyar da ta fi ita ce haɗa RM, wadda Brentjens da de Bruyn suka tsara a 2005 bisa aikin Burn na 1966: ana gwada kowane RM, a warware juyin kowace tasha, a tara, a ga inda siginar ta yi tsini. Manhajar RM-Tools tana yin wannan. Faɗin tsinin kusan 2√3/Δλ² ne, inda Δλ² ke nufin tazarar λ² daga farkon zangon zuwa ƙarshensa, wato wajen 40 rad/m² a zangon L, kuma kuskuren RM shi ne faɗin a raba da ninki biyu na ƙarfin sigina bisa hayaniya. Tsini a daidai RM sifili abin zargi ne, domin nan ragowar yoyo ke taruwa.

Saman iskar duniya yana ƙara nasa, daga ƙasa da 1 zuwa 'yan rad/m², ya fi yawa da rana. A GHz 1, RM na 2 digiri 10 ne, kuma yana sauyawa tsakanin lokacin da ka kalli 3C286 da lokacin da ka kalli tushenka. Manhajojin RMextract da ALBUS suna ƙiyasta shi daga bayanan GPS.

Sai tambayar da ta fi daɗi: RM ɗin na hanya ne ko na feshin? Na hanya ba ya sauyawa daga mako zuwa mako. Kwatanta shi da na fulsa, wato matattun taurari masu walƙiyar rediyo, da ke kusa a sama kuma a nisa makamanci, domin taswirar da aka gina da galaksi masu nisa tana ƙirga dukan faɗin galaksinmu, tushenka kuwa yana tsakiyar hanya. RM da ke sauyawa da ɓarkewa, ko kusurwar da ta ƙi bin λ², ko kason da ke zubewa a dogon zango, alama ce ta gas a cikin feshin ko a bakinsa, kuma daga nan ake fara ƙiyasta abin da feshin ya ƙunsa.

Mataki na bakwai: kuskure da fassara

P ba ya taɓa zama ƙasa da sifili, saboda haka hayaniya zalla ma tana ba da P. Gyaran da aka saba shi ne P₀ = √(P² − σ²), inda σ ke nufin girman hayaniya, ko √(P² − 2.3σ²) idan ta hanyar haɗa RM aka samo shi. P mai ninki uku na σ yana fitowa daga hayaniya kusan sau ɗaya cikin 100, don haka bai isa hujja ba. Idan an yi laluben RM, a nemi ninki bakwai ko takwas. Kuskuren kusurwa kusan digiri 28.6 × σ/P ne, wato digiri 3 a misalin µJy 200 na sama, sannan a ƙara na saiti a kai. Idan ba a ga komai ba, a bayar da iyakar sama, ita ma sakamako ce.

Bayan an cire Faraday, χ₀ ba ta da ma'ana sai an san kaurin feshin, kuma wannan daga I yake fitowa. Hasken da ke raguwa da firikwansi da ma'aunin gangara wajen −0.7 shara-shara ne. A irin wannan, kusurwar da ta bi tsawon feshin tana nufin maganaɗisu a gicciye, ko dai karo ya matse shi ko kuma ya naɗe feshin kamar zobe. Kusurwar da ta gicciye feshin tana nufin maganaɗisun ya miƙe tare da shi, abin da bambancin gudu tsakanin tsakiya da gefe ke haifarwa. Kada a yi saurin kiran dunƙulallen feshi mai kauri don kawai haskensa ɗaya ne a kowane zango. Tarin sassa ne, kuma mafi yawan folarizeshan yana fitowa daga sassan da suka riga suka zama shara-shara. Ƙaramin kaso kuma ba lallai ya nuna hargitsin maganaɗisu ba. Curi biyu masu kusurwa daban a cikin ɗigo ɗaya suna soke juna, kuma idan ɗaya yana dushewa ɗayan yana tashi, kusurwar za ta yi kamar tana juyawa alhali babu abin da ya juya.

V yakan kasance ƙasa da kashi 1 cikin 100. An gan shi a SS 433, GRS 1915+105 da GRO J1655-40, kuma miƙaƙƙun masu karɓa sun fi dacewa da nemansa, muddin bambancin X da Y ya saitu, domin kuskure a nan yana zuba U cikin V.

Alƙiblar feshin da za ka kwatanta da χ₀ daga hoton VLBI take zuwa, wato haɗa faranti masu nisa sosai da juna, irin na VLBA ta Amurka. A Cygnus X-1 alƙiblar sananniya ce, shi ya sa da na'urar sararin samaniya ta IXPE ta auna kusan kashi 4 cikin 100 a eksire a 2022 aka iya cewa kusurwar ta bi layin feshin rediyo. A V404 Cygni kuwa VLBA ta ga alƙiblar harbi tana sauyawa cikin sa'o'i a 2015, a tazarar da ta haura digiri 30. Ga tushe irin wannan, nemi a yi kallon VLBI a rana ɗaya da na folarizeshan, in da hali a sa'o'i ɗaya.